2.4 Tarihin Eriyar Talabijin a Ƙasar Makoɗa

A wannan sashe za a dubi yadda eriya, wato ƙarfen da ake kafawa a saman gida domin kamo tasha, ta shigo ƙasar Makoɗa, da yadda ta sauya tare da sauyawar tashoshin talabijin.

Talabijin ta fara aiki a Nijeriya a Ibadan cikin shekarar 1959, sannan aka buɗe ta Kaduna a 1962. Bayan gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin ƙasa a ƙarƙashin hukumar NTA a 1977, tashar NTA Kano, mai watsa shiri a lamba 5, ita ce ta zama abin dogaron jama'ar jihar. Mutumin birni yana iya kama ta da 'yar eriyar da ke kan akwatin. Amma Makoɗa, wadda ke maƙwabtaka da Ɗambatta, tana da nisan fiye da kilomita 40 arewa da birnin Kano. Saƙon talabijin kuwa a miƙe yake tafiya, kuma ƙarfinsa na raguwa idan tafiya ta yi nisa ko ya ci karo da tudu da itatuwa. Ga shi ƙasar cike take da ɗorawa da tsamiya da darbejiya a gonaki da gidaje. Saboda haka dole mai talabijin ya ɗaga eriyarsa ta zarce rufin ɗaki, ya kuma fuskantar da ita kudu, inda tashar take.

Irin eriyar da ta fi yaɗuwa ita ce mai sanda ɗaya da ƙarafa a gicciye, wadda wasu masana biyu, Yagi da Uda, suka ƙirƙiro a Japan a 1926. Akan ɗaura ta a kan doguwar gora ko bututun ƙarfe, a jingina da katanga, a ɗaure da wayoyi uku zuwa turaku. Daga nan mutum ɗaya ya riƙa juya gorar a waje, wani yana duban akwatin a ciki, har sai dishi-dishin hoto ya washe. Inda babu wutar lantarki, da batirin mota ake kunna ƙaramar talabijin mai hoto baƙi da fari.

Sauyi na biyu ya zo a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi (1979-1983), wanda ya kafa tashar jiha ta CTV 67, wadda daga baya aka mayar da sunanta ARTV. Ita wannan tasha a zangon UHF take, ita kuwa NTA a zangon VHF. Ƙarfen da ya dace da lamba 5 yakan kai kimanin santimita 80, na lamba 67 kuwa bai cika 20 ba. Wannan ne ya sa tsohuwar eriya ba ta kamo sabuwar tasha sosai, sai an ƙara wata ƙarama a kan gorar, wani lokaci har da busta mai ƙara ƙarfin saƙo. Bugu da ƙari, ganye ya fi tare saƙon UHF, don haka hoto kan raunana da damina.

Damina dai ita ce babbar abokiyar gabar eriya. Ruwa kan jiƙa katangar ƙasa turke ya saki, iskar hadari ta juya eriyar ko ta karya gorar, ga kuma haɗarin tsawa. Duk da haka masu hali ba su fasa ba, domin gidan da eriya ta tsaya nan maƙwabta ke taruwa da dare su kalli labarai da wasannin kwaikwayo irin su Samanja da Kuliya.

Daga shekarun 1990 faifan tauraron ɗan'adam ya fara rage wa gora daraja. Kamfanin StarTimes ya shigo a 2010 tare da haɗin gwiwar NTA, sannan a 2021 aka ƙaddamar da shirin komawa tsarin dijital a Kano.

A taƙaice, kafin zuwan faifan, ganin labarin gwamnati da ido a ƙauyen Makoɗa ya dogara ne ga tsawon gora da ƙarfin turke. A sashe na gaba za a dubi tasirin shirye-shiryen da aka kalla ga harshe da al'adun mutanen yankin.