Kwari: Daga Gora Zuwa Bututun Roba

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, kowannenmu ya haddace yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 saboda jarrabawa, amma ba mu tsaya kan kayan yaƙin ba. Rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da barade masu lifidi. Jama'ar Shehu kuwa dawakinsu kaɗan ne, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, kowa da kwarinsa a kafaɗa, kuma su suka yi nasara.

Doki da lifidi sai mai hali. Kwari kuwa ba ya cin kuɗi. A yanko gora mai faɗi, a bar gaɓarta ta zama gindi, a lulluɓe da ɗanyar fatar akuya, in ta bushe ta kama tamau. Ragowar fatar a yi maratayi da murfi. Murfin nan dole ne, don kibiyar kyauro mai dafin kwankwani ba ta son ruwa, ba a kuma son hannun yaro ya kai gare ta.

Yau idan aiki ya kai ni ƙauye, nakan ga maharba da 'yan sintiri, masu gadin gari da dare ba kuɗin bindiga, rataye da kwarin bututun roba irin na famfo. Wasu na raina shi. Kyau dai na gora ne, amma a ganina bututun ya fi jure damina, gara ma ba ta cin sa. Sukan toshe gindinsa da guntun tsohon silifa don kada tsinin kibiya ya dakushe, igiyar tsohuwar jaka ta zama maratayi, gwangwanin madara kuma murfi.