Rashin Barci a Ƙasar Gumel: Nazarin Yanayi, Muhalli da Hanyoyin Samun Hutu a Ɗanzomo da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsalar barci a Ɗanzomo da sauran garuruwan masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa. An ɗauko sakamakon binciken da masana suka wallafa a kan barci, aka auna shi da lokutan shekara da tsarin gida da lokutan salla na yankin. Matsayin maƙalar shi ne, akwai bambanci tsakanin wanda bai samu damar barci ba saboda zafi ko sauro ko doguwar hira, da wanda ya samu damar amma barcin ya ƙi zuwa. Rashin rabe su biyun ne ke tura mutane da yawa kemis neman ƙwayar da ba ita ce maganinsu ba.

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma ba kowane bawa ne dare ke hutar da shi ba. A binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na Nijeriya wanda Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, kusan kashi 12 cikin ɗari na manyan da aka tambaya sun ce sun yi fama da rashin barci na aƙalla mako biyu a cikin shekarar da ta gabata. Stranges da abokan aikinsa kuwa, a mujallar Sleep ta 2012, sun tambayi mutane sama da 40,000 masu shekara 50 zuwa sama a ƙasashe takwas na Afirka da Asiya, suka tarar kashi 16.6 cikin ɗari na da matsalar barci mai tsanani, mata sun fi maza, kuma ciwon damuwa na tafe tare da ita. Wannan ya rusa zaton da ake yi cewa rashin barci ciwon 'yan birni ne da masu kuɗi.

A 2015 masana barci na Amurka sun yi ittifaƙi cewa baligi na bukatar awa bakwai ko fiye a kowane dare. Tambayar da ta dame mu ita ce, ta yaya manomin gero da riɗi a Ɗanzomo, ko matarsa mai goyo, za su haɗa waɗannan awoyi?

2.0 Abin da ke kawo barci

Alexander Borbély ya bayyana a 1982 cewa abubuwa biyu ne ke jan ragamar barci. Na farko nauyin barci ne da ke taruwa muddin mutum yana farke, wanda sinadarin adenosin ke da hannu a cikinsa. Na biyu agogon jiki ne, wanda hasken rana ke saitawa, shi ke sakin sinadarin melatonin idan duhu ya yi, ya kuma sauke zafin cikin jiki. Wannan saukar zafi ita ce ta fi shafar yankinmu: jiki ba ya shiga barci mai nauyi sai ya samu inda zai zubar da zafinsa.

3.0 Bazara da damina

Daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a ƙasar Gumel kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne abin da gini ke yi da wannan zafi. Rufin kwano marar silin yana mai da ɗaki tanderu da rana, amma yana saurin hucewa bayan magariba. Bango mai kauri, na ƙasa ne ko na bulo, yana shan zafi a hankali tun hantsi, sai dare ya yi ya fara amayar da shi cikin ɗaki. Shi ya sa ake taɓa bango ƙarfe 11 na dare a ji shi da ɗumi, alhali iskar waje ta fara sanyi. Wanda ya kwanta a irin wannan ɗaki ya kasa barci ba shi da ciwon komai, ɗakin ne bai huce ba.

Kelton Minor da abokan aikinsa sun auna wannan a mujallar One Earth ta 2022, da bayanan barcin mutane sama da 47,000 a ƙasashe 68. Sun gano cewa a daren da zafi ya wuce digiri 30, barci na raguwa da kimanin minti 14, kuma asarar ta fi yawa ga tsofaffi da mata da mazauna ƙasashe marasa ƙarfi. Minti 14 na iya zama kamar ba komai ba, sai dai waɗanda aka auna masu halin sayen agogon hannu ne mai auna barci. A gidan da babu fanka, hankali ya fi karkata ga cewa asarar ta zarce haka.

Mutanen yankin ba su jira masana ba. Da la'asar sakaliya ake yayyafa wa tsakar gida ruwa, a share, a shimfiɗa tabarma bayan lisha, a yi wanka kafin a kwanta, wasu su jiƙa zane su rufa. Duk waɗannan dabaru ne masu tushe, domin suna taimaka wa fata ta saki zafi. Amma akwai rashin daidaito a ciki da ya kamata a faɗa. Magidanci da samari na iya fita ƙofar gida inda iska ke kaɗawa, mace kuwa tana ciki da yara, tsakanin katangu huɗu da suka yini suna shan rana, kusa da murhun da aka sauke tuwo. Ita ce kuma za ta tashi in jariri ya yi kuka. Duk wani shiri na inganta barci da bai fara da tsakar gida ba, ya tsallake waɗanda suka fi jin jiki. Kwanan ƙasa a bazara yana kuma zuwa da fargabar kunama, don haka gado ko wani abu da zai ɗaga shimfiɗa daga ƙasa ba ƙawa ba ce.

Da ruwa ya sauka a Yuni, sai matsalar ta sake fuska. Sauro ya zo, ga laima a iska, ga aikin gona da ke fitar da mutum da sassafe. Nazarin da Pulford da abokan aikinsa suka yi a 2011 kan dalilan da ke hana masu gidan sauro shiga cikinsa ya nuna cewa takura, musamman ta zafi, ita aka fi ambata. Ke nan mutum na tsakanin zaɓi biyu marasa daɗi: ya shiga ya yi gumi, ko ya fita sauro ya ci shi. Mafita ita ce a fitar da gidan sauron waje a kafa masa sanduna huɗu a daren da babu hadari, a cikin ɗaki kuma a bar taga buɗe da raga. Ƙaramar fanka mai caji da sola, idan aka sa ta cikin gidan sauro, tana yin aikin da ya fi kuɗinta. Hunturu ne lokacin da barci ya fi sauƙi, in ban da masu asma da tari waɗanda ƙura ke tayarwa, da haɗarin kwana da gawayi a rufaffen ɗaki.

4.0 Tsakanin lisha da asuba

A watan Yuni ana kiran lisha a wannan yanki wajen ƙarfe 8, alfijir kuma na ketowa kafin ƙarfe 5. Akwai awa takwas da ɗoriya a tsakani, sun isa. Lokacin tashi a kafe yake, salla da gona sun riga sun yanke shi, saboda haka duk abin da aka ƙara wa hira, daga barci aka yanko shi. Saurayin da ya bar teburin mai shayi ko gidan kallon ƙwallo ƙarfe 11, ya ƙara awa guda a kan waya, bai fi awa biyar zai samu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barzata cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin lisha da hira bayanta, kuma wannan ya dace da lissafin da ke sama. Azumin 2022 da 2023 da 2024, da suka faɗo a tsakiyar bazara, sun ƙara matse wannan tazara da asham da tahajjudi da sahur.

Sai shayi da goro. Kafeyin da ke cikinsu yana toshe aikin adenosin, kuma jiki na ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa. Drake da abokan aikinsa sun nuna a 2013 cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da awa shida kafin kwanciya aka sha, yana rage barci da fiye da awa guda. Dattijon da ke tauna goro bayan magariba yana kuma kukan barci ya guje shi, a fara tambayarsa goron kafin a tambaye shi komai. Direbobin da ke lodin shanu daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis su nufi kudu cikin dare suna da nasu haɗarin: Dawson da Reid sun nuna a 1997 cewa awa 17 a farke na rage kuzarin mutum daidai da wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Shayi mai kauri na buɗe ido, amma ba ya biyan bashin barci.

Ba dole ne awa bakwai su zo a dunƙule ba. Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna cewa Turawa kafin zamanin lantarki suna raba barcinsu gida biyu, ya kuma kafa hujja da rahoton Paul Bohannan na 1953 a kan Tibi na Binuwai, waɗanda su ma haka suke yi. A nan ƙailula ce ke cike giɓin. A ganina kuskure ne a ɗauke ta a matsayin lalaci. Minti 20 zuwa 30 bayan azahar, a inuwar darbejiya ko a zaure, na dawo da kuzari ba tare da ɓata barcin dare ba, muddin ba a kai ta bayan la'asar ba.

5.0 Idan damar ta samu amma barcin ya ƙi

Likitoci na kiran abin cuta idan mutum ya kasa barci aƙalla dare uku a mako har tsawon wata uku, duk da yana da lokaci da wurin kwana, kuma abin na shafar yininsa. Arthur Spielman ya bayyana a 1987 cewa abin da ya fara kore barci, kamar rasuwa ko bashi ko asarar amfanin gona, sau da yawa yakan wuce, amma ɗabi'un da mutum ya ɗauka don ya rama su ci gaba da riƙe ciwon: kwanciya da wuri ba tare da jin barci ba, juye-juye a shimfiɗa, da fargabar daren tun da rana.

A nan ne ake nufar kemis a ce “a ba ni maganin barci”, a dawo da Valium ko Lexotan ko Piriton. Biyun farko ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shansu, domin jiki na sabawa, suna kuma jawo wa tsofaffi jiri da faɗuwa. Wanda ya daɗe a kansu kada ya daina rana ɗaya sai da jagorar likita. Nijeriya, wadda sai da ta haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018, ba ta bukatar a koya mata inda wannan hanya ke kaiwa.

Tun 2016 Kwalejin Likitocin Amurka ta ce maganin farko shi ne gyaran ɗabi'a da tunani, ba ƙwaya ba. Sai dai wasu ƙa'idojinsa, kamar yadda Richard Bootzin ya tsara su a 1972, sun ɗauka kowa na da ɗakin kwana nasa da wani ɗakin da zai koma. A gidan da uwa da yara huɗu ke ɗaki ɗaya, dole a sake musu tsari. Wanda ya kwanta ya ga barci bai zo ba, ya tashi daga shimfiɗar ya koma kan buzu ko tabarma a gefe, ba waya ba fitila mai haske, ya ja carbi har barci ya fara fizgarsa, sannan ya koma. Kada ya kwanta sai ya ji barci. Ya tashi da asuba ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, ya fita hasken safiya, kuma shi kam ya jingine ƙailula har barcin dare ya daidaita. Ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi zai iya koyar da wannan cikin zama kaɗan.

Akwai waɗanda bai kamata a tsaya da su a nan ba. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, musamman in yana da hawan jini. Mai yawan tashi fitsari, wanda ya kamata a gwada masa suga. Mai jegon da ba ta iya barci ko da jaririnta ya yi, tana kuka ba dalili. Da wanda ke farkawa tsakar dare da baƙin ciki har yana tunanin mutuwa. Waɗannan a tura su Babban Asibitin Gumel, in ta kama a wuce da su asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.