Zazzaɓin Lassa da Asibitin Jos

Asibiti wurin neman lafiya ne, amma kuma shi ne matattarar cututtuka, domin kowane mai ciwo can ya ke kai nasa. Saboda haka wani lokaci mutum ya kan je da ciwo ɗaya, ya komo da wani wanda ya fi na farin tsanani. Babu labarin da ya nuna wannan a ƙasarmu kamar na zazzaɓin Lassa.

Lassa wani gari ne a ƙasar Margi, cikin Jihar Barno ta yanzu. A watan Janairu na 1969 wata Ba'amurkiya mai aikin jinya a asibitin mishan na garin, sunanta Laura Wine, ta kamu da zazzaɓi mai zafi da miki a maƙogwaro. Aka ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi mata allurar fenisilin, duk a banza. Aka ɗauke ta a jirgin sama zuwa asibitin mishan na Jos, nan ta rasu.

Wadda ta yi jinyarta a Jos, Charlotte Shaw, tana da ɗan rauni a yatsa, da wannan hannu kuwa ta riƙa share mata baki. Ba a daɗe ba ita ma ta kwanta, ta rasu cikin Fabrairu. Ta uku, Lily Pinneo, wadda ta yi jinyar su duka biyu, ita aka kai Amurka. Ta yi makonni rai a hannun Allah, sa'an nan ta tashi.

A Jami'ar Yale ta Amurka aka duba jininsu, aka tarar da wata ƙwayar cuta wadda ba a san ta ba, irin wadda likitoci ke kira bairus. Wannan iri ƙanƙanta ce ƙwarai, fenisilin kuma ba ya taɓa ta. Aka sa mata sunan Lassa, ko da ya ke mutanen garin ba su ne suka ƙirƙiro ta ba, sun dai gaji sunan ne kawai. Ko a ɗakin binciken ma ba ta bar mutane ba. Ta kama Likita Jordi Casals, aka ɗebi ruwan jinin Pinneo aka ƙara masa, ya warke. Wani ma'aikacin wurin kuwa ya mutu, har jami'ar ta dakatar da aikin.

Abin da ya fi muni a farkon 1970 ya faru. An kwantar da wata mace mai zazzaɓi da tari a wani asibitin mishan na Jos, cikin ɗaki ɗaya da sauran marasa lafiya, ba wanda ya san abin da ta ke ɗauke da shi. 'Yan'uwa suna shiga suna fita, ana gaisuwa, ana kawo abinci, kamar yadda aka saba. Kafin a farga cutar ta kama na gadajen kusa, da ma'aikata, da masu zuwa dubiya. Mutum 28 suka kamu, 13 suka mutu. Likitar asibitin, Jeanette Troup, ta ƙudura sai ta gane abin da ke kashe mutanenta. Tana cikin fiɗar wata gawa don bincike, sai wuƙa ta yanke ta a yatsa. Ta rasu cikin Fabrairu na 1970.

Sai a 1972, a ƙasar Saliyo, aka gano inda cutar ke ɓuya, watau jikin wani ɓera mai nonuwa da yawa, wanda ke shiga ɗakuna da rumbuna. Fitsarinsa da kashinsa su ke ɓata abinci. Daga mutum zuwa mutum kuwa, ta jini da amai da fitsari da majina ta ke bi.

Da aka gane hanyarta, sai aka ga tare ta ba ya bukatar wata babbar na'ura. A ware mai zazzaɓin a ɗaki dabam, a rage masu shiga. Mai jinya ya sa safar hannu da riga da takunkumi, ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa kowane mara lafiya. A tsabtace tufafi da kwanoni da maganin kashe ƙwayoyi. Allura kuwa kada a soka wa mutum biyu guda ɗaya. Hana dubiya shi ya fi yi wa jama'a ciwo, gama gaida mara lafiya haƙƙi ne, amma a wannan hali gaisuwa daga bakin ƙofa ta wadatar.

Sani dabam, aiki da shi dabam. A 1989 cutar ta sake ɓarkewa a wasu ƙananan asibitoci na Jihar Imo, inda a ke yi wa mutane da yawa allura da sirinji ɗaya, ta kashe marasa lafiya da ma'aikata har da likitoci.

A Yuli na 2014 wani baƙo ya sauka Ikko daga Laberiya ɗauke da Ebola, cuta mai bin hanyoyin nan. Likita Stella Adadevoh ta gane, ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata. Ita kanta ta kamu ta rasu. Amma aka bi sawun duk wanda ya taɓa shi, aka keɓe waɗanda suka kamu. Mutum 20 cutar ta kama a Nijeriya, 8 suka mutu, ran 20 ga Oktoba kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa ta ƙare a ƙasar.