Yaji da Abokan Tafiyarsa: Tarihin da ke Cikin Turminmu

  Yau hirarmu a kan yaji take, wannan da ba a rasa shi a kwalba ko a ƙulle a leda a kowane ɗaki, daga cikin garin Daura har Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua. Za mu ga inda kayan haɗinsa suka fito, da abincin da yake tafiya da shi, da kuma abin da ya kamata mu kiyaye.

Dukkanmu mun taso da labarin Bayajidda, yadda ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, ya je rijiyar Kusugu ya kashe macijin. To, in da Ayana ta zuba masa abinci a daren nan, babu ko ƙwayar barkono a ciki. Babu ƙuli-ƙuli, babu tumatir, babu rogo. Dalili kuwa shi ne, barkono da gyaɗa da tumatir da rogo da masara duk 'yan asalin nahiyar Amurka ne. Sai bayan da Kolombos ya isa can a 1492 Turawa suka fara ɗauko irinsu, jiragen ruwan 'yan Fotugal suka sauke wasu daga cikinsu a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, daga nan suka yi ta hawowa hannu zuwa hannu har suka iso ƙasar Hausa. Zamanin Magajiya Daurama kuwa ya riga wannan da ɗaruruwan shekaru.

Kada ku ce mu kaɗai ne baƙon ya zama ɗan gida a wurinmu. Mutanen Indiya da muke gani a fim suna da nasu mahaɗin da suke kira catni, ana markaɗa shi da barkono da tsamiya ko ɗanyen mangwaro, a ajiye a gefen faranti kamar yadda muke ajiye yaji. Su ma 'yan Fotugal ɗin ne suka kai musu barkono, bayan sun kama garin Gowa a 1510.

To da me kakanninmu suke samun zafi a miya kafin barkono? Da masoro, da kimba, da citta mai ƙoƙo. Waɗannan 'ya'yan kurmin Afirka ne, fatake ne suke ɗauko su daga kudu a bayan jakai. Citta mai yatsu ita asalinta Asiya ne, amma ta daɗe da zama tamu, yau ma ana noma ta sosai a wajajen Kaciya da Kwoi a kudancin Kaduna. Kanumfari ya fi kowa doguwar tafiya. Asalinsa tsibiran Maluku ne a Indonesiya, Larabawa suka ratso hamada da shi, kuma ko sunansa daga kalmar Larabci ƙaranful ya fito.

Gishiri kuma a da daga arewa yake zuwa. Ayarin raƙuman Azbinawa kan ɗauko kantu daga Bilma, su gangaro Damagaram da Katsina da Kano, su musanya da gero da tufafi. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya ɗauki sunan Abdulkarim, da irin wannan ayarin ya shigo ƙasar Hausa a farkon 1851, kuma a rubuce-rubucensa ya ambaci daddawa a cikin kayan da ya gani. Kun ga ke nan, cokali ɗaya na yaji ya haɗa kurmi da hamada da ƙetaren teku. Abin da ke namu tun fil azal shi ne daddawa, wadda ake yi da kalwa, wato ƙwayar ɗorawa: a dafa ta ta yi laushi, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, sannan a kirɓa a shanya.

Ƙuli-ƙuli shi ya ƙara ƙarfi ne a zamanin gyaɗa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa a duk faɗin wannan yanki, har aka yi dalar gyaɗa. Mata a cikin gidaje suka duƙufa matsar mai, tunkuza ta zama ƙuli, ƙuli ya zama ƙashin bayan yajin tsire da na ƙwaɗo. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya wannan noma, amma ba su raba mata da sana'ar ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa taka kasuwa ba, amma da kuɗin ƙuli da yaji ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Yara ne ke kai mata talla, 'yan unguwa kuma su aiko a saya.

Yanzu mu zo kan abokan tafiya. Kakanninmu ba su zuba yaji ɗaya a kan kowane abinci ba. Yajin ƙuli, mai citta da barkono da gishiri, shi ne na nama: tsire, balangu, gasasshiyar kaza, haka kuma dafaffen rogo da dankali da gurasa. Ƙwaɗon zogale da na rama ma ƙuli suke so, don maiƙonsa yana kashe ɗacin ganye da tsaminsa. Yajin barkono zalla, mai ɗan gishiri, shi ne na ɗanwake da man gyaɗa, da garau-garau, da ƙosai, da alale, da dambu. Yajin daddawa kuwa na tuwo ne da miyar kuka ko ta kuɓewa, kuma shi ne ke buɗe bakin wanda ya tashi daga ciwo. Akwai na tafarnuwa, wanda ake so lokacin hunturu.

A ɓangaren abin sha, ƙosai da yaji ba su da aboki kamar koko ko kunun tsamiya, musamman a buɗa-baki. Bayan tsire ko ɗanwake, fura da nono ce ko zoɓo mai sanyi. Akwai hikima a nan da masana suka tabbatar: abin da ke sa zafi a barkono ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa kike shan ruwa amma harshe na ci gaba da raɗaɗi, nono kuwa yana wanke shi. Ita kanta furar ai da citta da kanumfari da ɗan barkono ake dakanta, wato yajinta a cikinta yake.

Sai yajin jego. Wannan tsohuwar al'ada ce, dangin miji su kai kayan yaji, mata su taru su daka, mai jego ta riƙa ci da tuwo da farfesun ƙauri, ta kora da kunun kanwa. Zumunci ne mai kyau, amma akwai gyara. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan masu jego da ake kawowa da ciwon zuciya, suka danganta shi da yawan shan kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gado mai zafi. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana sa jiki ya riƙe ruwa. Don haka iyayenmu mata, a sassauta hannu. In mai jego ta fara kumburin ƙafa, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta asibiti, kada a ce a ƙara mata kunu.

Abu na biyu shi ne ɗanɗanon zamani. Dunƙulen Maggi ya fara fitowa a Turai a 1908, daga baya ya shigo kasuwanninmu, yau ga ire-irensa da yawa. Ba a ce kada a yi amfani da su ba, amma ku sani gishiri ne mafi yawan abin da ke ciki. Mace ta sa gishiri a yaji, ta ƙara dunƙule, ta ƙara farin ɗanɗano, abincin da za a barbaɗa wa ma yana da nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Da tsohuwar zuma ake magani: ku mayar da daddawa cikin turmi, ku rage dunƙule, za ku ji ɗanɗanon bai ragu ba. Ku kuma tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci kafin a soya, domin tana ɗauke da guba mai cutar da hanta. Barkono ma a shanya shi a kan tabarma mai tsabta, nesa da kaji, a adana yajin a kwalba busasshiya mai murfi.

Roƙona na ƙarshe ga masu gidajenmu ne, ku isar musu: a daina sare ɗorawa a gona don itacen girki, domin in babu ita babu kalwa, babu daddawa. Ke kuma da kike da tsohuwa a gida, ki zauna kusa da ita ranar da za ta yi daka, ki ga gwargwadon kimba da masoron da take sawa, ki kira 'yarki ita ma ta gani.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.