Digirin Adabi da Falsafa

Digirin Adabi da Falsafa digiri ne na farko wanda ɗalibi ke haɗa nazarin adabi da ilimin falsafa a cikinsa, ya kuma fita da takardar shaida ɗaya mai ɗauke da sunayen fannonin biyu. An fi samun sa a jami'o'in Birtaniya, irin su Warwick da Durham da Edinburgh. A Ingila shekara uku ake yi, a Sikotlan kuwa huɗu. Yawanci ana raba darussan kowace shekara kusan rabi da rabi tsakanin sassan biyu, sannan a shekarar ƙarshe ɗalibi ya rubuta kundi.

Asali

Haɗa fannonin biyu ba sabon abu ba ne. Tsohon kwas ɗin Jami'ar Oxford mai suna Literae Humaniores, wanda ake yi cikin shekara huɗu, ya daɗe yana haɗa adabin Girkanci da na Latin da falsafa da tarihin mutanen da. Marubuci Oscar Wilde ya kammala shi a 1878, Iris Murdoch kuma a 1942. Ita Murdoch ta koyar da falsafa a Oxford, daga baya ta ci kyautar Booker a 1978 da wani littafinta na ƙagaggen labari.

Sai dai dangantakar fannonin ta faro ne da jayayya. A littafinsa na Jamhuriya, Aflatun ya nemi a kori yawancin mawaƙa daga birnin da ya tsara, domin a ganinsa suna motsa zuciya ba tare da sun kai mutum ga gaskiya ba. Ga shi kuwa shi kansa ya zuba falsafarsa cikin hirarraki masu taurari da wuri da raha, kamar wasan kwaikwayo. Da wannan saɓani ake yawan buɗe darussan da ke haɗa fannonin.

Ƙwarewar da ake nema

Daga ɓangaren falsafa, ana so ɗalibi ya iya tsamo hujja daga cikin dogon rubutu, ya jera muƙaddimominta, ya duba ko sakamakon ya biyo bayansu da gaske. Ana koyar da mantiƙi da falsafar ɗa'a da nazarin yadda ake samun sani. Ana kuma horar da shi ya gabatar da ra'ayin abokin hamayya da cikakken ƙarfinsa kafin ya soke shi.

Daga ɓangaren adabi, abin nema shi ne karatun ƙwaƙƙwafi: lura da jigo da salo da zubi da tsari, da wanda ke ba da labarin, da ko za a iya yarda da shi, da kuma zamanin da aka yi rubutun.

Babban burin digirin shi ne a yi wa rubutu ɗaya karatun iri biyu a lokaci guda, kuma nan ne wahalar take. Misali, a littafin Dostoevsky na 'Yan'uwan Karamazov, wanda aka kammala a 1880, Ivan ya kafa wa ƙanensa Alyosha hujja da azabar da ƙananan yara ke sha, ya ce ba zai karɓi duniyar da aka gina a kan haka ba. Mai nazarin falsafa zai tambaya ko hujjar ta tsaya da ƙafafunta. Mai nazarin adabi zai tambaya me ya sa aka sa ta a bakin Ivan, kuma me ya same shi daga baya. Ana sa ran ɗalibin wannan digiri ya amsa duka biyun, ya kuma nuna ko ƙarshen Ivan martani ne ga hujjarsa ko kuwa kauce mata marubucin ya yi. Haka ake yi wa littattafan falsafa zalla: ana duba dalilin da ya sa Descartes ya rubuta littafinsa na 1641 da bakin mutum ɗaya mai tunani shi kaɗai a gefen wuta.

Ana auna ɗalibai da maƙaloli da jarrabawa da muhawarar aji. Waɗanda suka kammala sukan shiga koyarwa, aikin jarida, ɗab'i, aikin gwamnati, ko su ƙara karatun lauya.

Suka

Matsalar da aka fi ambata ita ce ɗalibi na iya ƙarewa da rabin digiri biyu waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, musamman inda kowane sashe ke tsara darussansa ba tare da tuntuɓar ɗayan ba. Salon rubutun ma ya bambanta: malamin falsafa yana son magana kai tsaye da ma'ana ɗaya, malamin adabi kuwa yana yaba wanda ya gano ma'anoni da yawa a jimla guda.

Masana ma ba su daidaita ba. Martha Nussbaum, a wani littafinta na 1990, ta ce akwai gaskiyar ɗa'a da ba ta bayyana sosai sai a cikin ƙagaggen labari. Murdoch kuwa, duk da ta shahara a fannonin biyu, ta shaida wa Bryan Magee a hirar talabijin ta BBC da aka nuna a 1978 cewa ayyuka ne daban, kuma ba ta so a ɗauki labaranta a matsayin falsafa.