Rijiya Ta Bayar, Wa Zai Riƙe Guga? Tarihin Masu Hidimar Buɗaɗɗen Ilimi

A watan Afrilun 2015, bayan annobar Ebola ta ci dubban rayuka a Laberiya da Gini da Saliyo, jaridar New York Times ta buga wani sharhi mai sa hannun mutum uku, ciki har da Dakta Bernice Dahn, babbar jami'ar lafiya ta Laberiya a lokacin. Sun ce sun ci karo da wata maƙala da wasu masana 'yan Jamus suka wallafa tun 1982, wadda ta yi gargaɗin a lissafa Laberiya cikin yankunan da ƙwayar Ebola take. Jinin da aka gwada na 'yan ƙasar ne, amma babu ɗan ƙasar ko ɗaya cikin marubutan, sakamakon kuma ya kwanta a wata mujallar Turai da sai an biya ake karantawa. Kuɗin sauke maƙala guda, in ji su, ya kai kimanin rabin albashin mako na likita a Laberiya. Gargaɗin ya shekara 32 a rubuce kafin cutar ta iso.

Darasin da aka fi ɗauka daga wannan labari shi ne a cire shingen kuɗi daga kan binciken ilimi. Gaskiya ne, sai dai tarihin shekaru talatin da suka wuce ya nuna cewa cire shingen rabin aiki ne. Maƙalar da aka saki kyauta tana buƙatar manhajar da za ta ɗauke ta, da kundin da za a gano ta a ciki, da lambar da ba za ta ɓace ba, da rumbun da zai adana ta bayan mujallarta ta mutu. Waɗannan su ne guga da igiyar rijiyar, kuma wanda ya riƙe su shi ke yanke wanda zai sha.

Asalin shingen yana komawa ga bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnatocin Yamma suka riƙa zuba kuɗi a kimiyya, 'yan kasuwa kuma suka hango riba a wallafa sakamakon. Fitacce a cikinsu shi ne Robert Maxwell, wanda ya kafa kamfanin Pergamon a Ingila a 1951, ya tara ɗaruruwan mujallu, ya sayar wa Elsevier a 1991 kan fam miliyan 440. Cinikin yana da ban mamaki: masani ya rubuta kyauta, takwarorinsa su tantance kyauta, sannan jami'arsa ta sayi mujallar da tsada. A shekarun 1980 da 1990 farashin ya riƙa hawa fiye da hauhawar farashin kaya, har manyan jami'o'in Amurka suka soma rage abin da suke saye. A Najeriya abin ya zo tare da karya darajar naira ƙarƙashin shirin SAP na 1986, ɗakunan karatu da dama suka daina karɓar sababbin mujallun waje.

Masana kimiyyar fiziks ne suka fara huda katangar. A watan Agustan 1991 Paul Ginsparg, mai bincike a Los Alamos ta Amurka, ya buɗe wata ma'ajiya a kwamfuta inda masana ke ajiye maƙalunsu kafin a wallafa su, kowa ya ɗauka ba tare da biya ba. Ita ce aka sani yau da arXiv. Amma ƙasashe masu tasowa suna da wata matsala ta biyu: ba karatun binciken wasu kaɗai ya gagare su ba, nasu ma ba a ganinsa. A 1995 mujallar Scientific American ta buga rahoton W. Wayt Gibbs da ya nuna yadda manyan kundayen lissafa mujallu suka kusa shafe kimiyyar waɗannan ƙasashe daga idon duniya.

Birazil ce ta fara mayar da martani da aiki. A 1997 hukumar tallafa wa bincike ta jihar Sao Paulo, FAPESP, ta haɗa gwiwa da cibiyar bayanan lafiya ta BIREME suka fara gwajin SciELO da mujallu 10, a ƙarƙashin jagorancin Abel Packer da Rogério Meneghini. SciELO ba ta ƙwace mujallu daga hannun masu su ba. Ta ba su abin da babu wadda za ta iya yi ita kaɗai: dandali guda, tsarin shirya rubutu iri ɗaya, ƙidayar masu karatu da masu ambato, da sharuɗɗan inganci kafin shiga. Kuɗin jama'a ne ya ɗauki nauyi. Tsarin ya bazu a Latin Amurka, Afirka ta Kudu ma ta shiga a 2009.

A 1998 ƙungiyar INASP da ke Ingila ta fara African Journals Online, wato AJOL, da mujallu ƙalilan. Da farko jerin kanun maƙalu da taƙaitaccen bayani kawai take nunawa, mai son cikakkiyar maƙala ya nema a aiko masa. A 2005 aka mayar da ita Afirka ta Kudu, ta zama ƙungiya mai zaman kanta wadda ba ta neman riba, a garin Grahamstown da yanzu ake kira Makhanda. Daga baya ta tara mujallu fiye da 500, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a cikinsu. Ta wannan hanya ce maƙalar da aka buga a mujallar kimiyya ta Jami'ar Bayero, BAJOPAS, take isa ga ɗalibi a Nairobi ko Jakarta.

A shekarar 1998 ɗin dai, John Willinsky na Jami'ar British Columbia ta Kanada ya kafa shirin Public Knowledge Project, wanda a farkon shekarun 2000 ya saki manhajar OJS kyauta. Manhajar tana karɓar maƙala daga marubuci, ta miƙa ta ga masu tantancewa, ta bi sawun gyare-gyare, ta wallafa. Aikin da a da yake buƙatar ofishi da ma'aikata ya koma abin da malamai biyu ko uku za su iya gudanarwa a sashensu. Zuwa 2020 mujallu fiye da 25,000 ne ke amfani da ita, mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa, Indonesiya na kan gaba. A 2000 kuma aka kafa Crossref, mai ba kowace maƙala lambar DOI, wadda ke kai mai nema gare ta ko da an sauya mata mazauni a intanet.

Duk waɗannan sun riga sanarwar da ta raɗa wa tafiyar suna. A watan Disamban 2001 gidauniyar Open Society ta tara wasu masana a Budapest, ranar 14 ga Fabrairun 2002 suka fitar da sanarwa mai hanyoyi biyu: masana su ajiye kwafin aikinsu a buɗaɗɗen rumbu, ko su wallafa a mujallun da ba sa karɓar kuɗin karatu. A 2003 ɗakin karatun Jami'ar Lund ta Suwidin ya buɗe DOAJ, kundin buɗaɗɗun mujallu, da kimanin 300. Yau sun haura 20,000.

Tambayar da sanarwar ta bari a buɗe ita ce wa zai biya. A 2002 kamfanin BioMed Central ya fara karɓar kuɗin wallafa daga marubuta, manyan kamfanoni kuma suka rungumi dabarar. A 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a kan maƙala guda. Shingen bai rushe ba, an ɗauke shi ne daga gaban mai karatu aka dasa a gaban marubuci. Mayaudara ma suka samu kasuwa, suka kafa mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wata maƙalar ƙarya mai kurakurai bayyanannu ga mujallu 304, 157 suka amince da ita. A 2014 DOAJ ta tsaurara sharuɗɗanta, ta ce kowace mujalla ta sake neman shiga, a 2016 ta cire kimanin 3,300 da ba su yi hakan ba. Daga nan kundin ya zama ma'auni ga mai son bambance tsaki da tsakuwa.

Sai kuma aka gane cewa su kansu masu hidimar ba su da tabbas. Elsevier ta sayi rumbun SSRN a 2016, ta sayi bepress a 2017, dukansu dandali ne da masana da ɗakunan karatu suka ɗauka tamkar nasu. A 2017 aka kafa SCOSS domin tara gudummawar ɗakunan karatu ga ayyuka irin su DOAJ, waɗanda duniya ke dogaro da su alhali suna rayuwa da ƙaramin kasafi. Wani bincike da Mikael Laakso da abokan aikinsa suka fitar a 2020 ya gano buɗaɗɗun mujallu fiye da 170 da suka ɓace daga intanet tsakanin 2000 da 2019, babu kwafinsu a manyan rumbunan adanawa. Mujalla ba ta buƙatar gobara kafin ta salwanta. Ya isa edita ya yi ritaya, ko a manta da biyan kuɗin shafi.

Wannan tarihi ya shafi kowace tsangaya da ke buga mujallarta, da kowane malamin da ƙarin girmansa ya rataya a kan inda ya wallafa. Abin da SciELO ta tabbatar tun 1997 shi ne cewa mujalla na iya zama kyauta ga mai karatu da marubuci a tare, muddin wata hukuma ta ɗauki hidimar da ke ƙarƙashinta a matsayin aikin jama'a, kamar hanya ko ruwan famfo. Inda ba a yi haka ba, nauyin yana faɗawa kan edita guda mai biyan kuɗin shafi daga aljihunsa. Maƙalar da za ta yi gargaɗin annoba ta gaba mai yiwuwa ce an riga an rubuta ta, tana cikin irin wannan mujalla. Ko likitan da ke buƙatarta zai same ta ya dogara ne a kan ko tana da lamba, ko tana cikin kundi, da kuma ko akwai wanda ya adana kwafinta.