Wa Ya Ba Falwaya Izinin Tsayawa a Kan Hanya?

Kowace falwaya da ke tsaye tsakanin Haɗeja da Birniwa a kan ƙasar wani take: ko gefen titin jama'a, ko bakin kasuwa, ko gonar da aka gada kaka da kakanni. Dokar fasaha ta hukumar NERC ta 2015 ta ware wa layi mai ƙarfin kilobolt 330 fili mai faɗin mita 50, mai kilobolt 132, irin wanda ke shiga tashar Haɗeja, mita 30, ƙananan layuka masu kilobolt 33 da 11 kuwa mita 11. A cikin wannan fili ba a gini, ba a barin dogon itace. Wannan babban haƙƙi ne da kamfani ke riƙe da shi a kan ƙasar jama'a, kuma tarihin yadda ya zo hannunsa ya cancanci a bi diddiginsa.

Keɓe hanya domin amfanin kowa tsohon abu ne a kwarin Haɗeja. Burtali shi ne misalinsa: hanyar shanu daga tudu zuwa fadama da mashaya, wadda manomi ba ya nomewa. Bulama ko dagaci da dattawan gari su ne shaidunsa, mai gonar da ke gefe ya san iyakarsa, makiyayi ma ya sani. In an yi saɓani, mai yanke hukunci yana kusa. Ko da aka shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Birniwa ya kammala a 1930, sai aka ga wata irin hanya dabam, wadda aka zana a takarda daga nesa. Turawa sun riga sun share fage da dokar filaye ta 1910, wadda ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon Gwamna. Wutar lantarki tafarkin jirgin ƙasa ta bi, ta bar na burtali.

A Amurka lamarin ya ɗauki wani salo. Bayan da Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta titin Pearl a New York a 1882, kamfanonin wuta da na taragon cikin gari suka shiga neman izinin majalisun birane domin su kafa turaku su ja waya a tituna. Cin hanci ya yi katutu a harkar. A Chicago, yunƙurin attajiri Charles Yerkes na samun izinin shekara 50 ga taragunsa ya tayar da ƙura a ƙarshen shekarun 1890, har jama'a suka yi wa zauren majalisar birni tsinke, shirin ya rushe. Irin wannan ne ya sa wasu jihohi suka mayar da hukuncin hannun masu zaɓe. Tsarin mulkin Oklahoma na 1907 da na Arizona, wadda ta zama jiha a 1912, sun hana gari ya bayar ko ya sabunta irin wannan izini sai da amincewar mafi rinjayen masu ƙuri'a, kuma wa'adinsa ba ya wuce shekara 25. Har yau tsarin yana aiki. A 2020 mutanen Boulder ta jihar Colorado suka kaɗa ƙuri'ar sabuwar yarjejeniya ta shekara 20 da kamfanin Xcel Energy, bayan kusan shekara goma suna ƙoƙarin kafa kamfanin kansu. Ma'anar tsarin ita ce titi na mutanen gari ne, kamfani ɗan haya ne, kuma haya tana da ranar ƙarewa.

A Arewacin Nijeriya, lokacin da ikon wuta ya fi kusa da jama'a shi ne farkonsa. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kafa aikin ruwa da wuta a Challawa da kuɗin baitulmali. Ba a tambayi talaka ba, amma harajinsa ne ya gina, kuma masu aikin suna cikin garinsa. Daga nan iko ya yi ta nisa. Dokar 1950 ta kafa hukumar ECN, wadda ta karɓe tashoshin gwamnati da na En'e-En'e. A 1972 aka haɗe ta da hukumar madatsun Neja, mai kula da Kainji, aka haifi NEPA. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mai fili saboda bukatar jama'a, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan gini da shuka da sauran abin da aka raya. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Ga manomin fadama, wanda darajar gonarsa tana cikin damshinta da noman rani na shekaru masu zuwa, wannan ma'auni gajere ne.

Muddin NEPA ta gwamnati ce, ana iya cewa hukuma ce ke amfani da filin hukuma. Wannan hujja ta raunana ranar 1 ga Nuwamba 2013, lokacin da aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa bisa dokar gyaran fannin lantarki ta 2005. Kamfanin KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, ya koma hannun masu zuba jari da kashi 60 cikin ɗari, manyan layuka kuma suka zauna a hannun TCN ta gwamnatin tarayya. Turaku da wayoyi da wuraren da suke tsaye duk sun bi cinikin. A Abuja aka ba da lasisi. Babu ƙaramar hukumar da ta sa hannu a kan sharaɗi, babu mazaɓar da aka nemi ra'ayinta.

Sakamakon a bayyane yake a faɗin ƙasar. Unguwa takan yi karo-karo ta sayi taransifoma ko ta ɗaga falwayar da iska ta kayar, alhali NERC ta sha nanata cewa wannan nauyin kamfani ne. Jama'a sun ba da hanya, sun ƙara da kuɗi, amma ba su da takardar da za su ɗaga su ce an saɓa alkawari. Wanda ba shi da ranar sabunta yarjejeniya, ba shi da abin ciniki sai roƙo.

Shekarar 2023 ta buɗe wata ƙofa. A watan Maris Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta har a wuraren da babban layin ƙasa ya kai, a watan Yuni kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki. A 2024 jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓar ikon sa ido daga NERC. Sai dai dawo da iko daga Abuja zuwa Dutse bai kai shi Birniwa ba tukuna.

Ƙuri'ar raba gardama irin ta Arizona ba ta da gurbi a dokokin zaɓen Nijeriya, kuma ko a can fitowar masu zaɓe a irin wannan ƙuri'a ba ta cika yawa ba. Abin ɗauka shi ne ginshiƙanta uku: wa'adi, da sharaɗi a rubuce, da yardar masu wurin. Dokar jiha tana iya tanadar cewa izinin amfani da titunan ƙaramar hukuma ya zama na ƙayyadaddun shekaru, a karanta shi a bainar jama'a gaban kansiloli da hakimi da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa, a rubuta kwanakin gyaran taransifoma, da yadda za a kafa turaku a ƙasar da ambaliya ke ci kamar ta 2022, da ma'aunin diyyar gonar fadama. Burtali ya daɗe ne saboda waɗanda ya ratsa gonakinsu sun shaida shi. Hanyar waya ma tana bukatar irin waɗannan shaidu, kuma majalisar dokokin jiha ce ke da alƙalamin rubuta su.